Wasan daɓe mai waƙe-waƙe a kan tatsuniyoyin mutuwa: a yi ko a bari?

Hajara Darakta:
Assalamu alaikum. Kamar yadda muka rabu a zaman ranar Asabar, ga tsarin wasan da nake so mu ɗora a daɓe bayan Babbar Sallah, domin waɗanda ba su samu zuwa ba su tofa albarkacin bakinsu. Kusan rabinsa rerawa ne. Fatake ne daga ƙasashe daban-daban dare ya yi musu a zango ɗaya, suka tarar mai masaukin ya yi rashin ɗansa, ba ya ci ba ya magana. Sai kowane baƙo ya ba shi labarin da mutanen ƙasarsu ke bayarwa idan yaro ya tambayi dalilin da ya sa ake mutuwa.

Da na Zulu na Afirka ta Kudu za a buɗe. Suka ce an aiki hawainiya ta gaya wa mutane ba za su mutu ba, ta tsaya cin 'ya'yan itace a hanya. Aka aiki ƙadangare a bayanta da saƙon cewa za su mutu, ya sheƙa ya riga ta. Da ta iso sai mutane suka ce sun riga sun riƙe maganar ƙadangare. Wani ɗan mishan, Henry Callaway, ya rubuta shi daga bakin Zulu ɗin, ya fara bugawa a 1868. Sai na mutanen Poso a tsibirin Sulawesi na Indonesiya: aka zuro musu dutse da igiya daga sama, suka ce me za su yi da dutse, aka zuro ayaba, suka karɓe da murna. Aka ce musu to rayuwarku ta zama irin ta ayaba, uwa ta haihu ta mutu 'ya'ya su tsiro a gindinta, da dutse kuka zaɓa da kun dawwama. Saura na Yuganda, na Gilgamesh, na Maui, da na wata mata a Indiya. Waɗanda na raba wa su yi bayaninsu da kansu.

Malam Bala:
Wa alaikumus salam. Malama Hajara, kin san ban taɓa zama mai hana ruwa gudu a ƙungiyar nan ba, wasan rigakafi da na auren dole duk da ni aka yi. Amma wannan ya tsaya mini a rai. Labaran biyu da kika kawo duk abu ɗaya suke cewa: mutuwa kuskure ce, da ɗan aike bai yi nawa ba, ko da an iya zaɓe, da ba ta zo ba. Mu kuwa Suratul Mulk aya ta 2 ta gaya mana Allah ne Ya halicci mutuwa da rayuwa domin Ya jarraba mu. Da gangan aka yi ta, da hikima. Kuma wanda ya fara yi wa ɗan Adam tallar dawwama Iblis ne, duba Ɗaha aya ta 120, inda ya ce wa Annabi Adamu ko in nuna maka itaciyar dawwama. Yara za su cika filin nan. Waƙa kuwa tana zama a kai fiye da wa'azi. Gobe ki ji yaro yana rera cewa hawainiya ce ta jawo mana mutuwa, wa zai ɗauki alhakin?

Sadiƙu:
Malam, da girmamawa, duk mun tashi da Gizo da Ƙoƙi, ba wanda ya girma yana zaton gizo yana magana da sarki. Yaro ya san abin da "ga ta nan ga ta nanku" ke nufi.

Malam Bala:
Gizo bai taɓa shiga maganar halitta da ƙaddara ba, ƙanena. Wayonsa a kan tuwo da nama yake ƙarewa. Nan kuwa ana nuna mahalicci yana aika saƙo biyu masu karo da juna. Ba ɗaya ba ne.

Abban Khadija:
Ni aka ba na Yuganda, bari in kawo shi kafin a yanke hukunci. Baganda suka ce Kintu, mutum na farko, ya auri Nambi 'yar Ggulu mai sama. Uban ya ce su yi sammako su sauka duniya kafin ɗan'uwanta Walumbe ya sani, kuma ko me suka manta kada su dawo. Suna cikin tafiya Nambi ta tuna ba ta ɗebo geron kazarta ba. Mijin ya hana, ta ce yanzu za ta dawo. Can ta yi kaciɓis da Walumbe, ya biyo su. Da suka hayayyafa ya ce a ba shi yaro ɗaya ya riƙa yi masa aiki, Kintu ya ƙi, sai yara suka fara mutuwa. Aka turo wani ɗan'uwan, Kayikuzi, ya kama shi. Walumbe ya nutse ƙasa, shi kuma yana bi yana tono. Ya ce kowa ya shiga ɗaki a yi tsit na 'yan kwanaki, amma yara suka fita kiwon awaki, suka ga Walumbe ya ɓullo suka kwarma ihu, ya koma rami. Kayikuzi ya gaji ya tafi. Har yau akwai ramuka masu yawa a Tanda, kusa da Mityana, da ake cewa nan aka yi wannan tonon.

Abin da ya kama ni shi ne geron nan. Wace matar aure ce za ta tafi sabon gida ta bar kazarta da yunwa? Ba mugunta ta yi ba, kula ce ta mayar da ita. Kuma ƙarshensa Kintu cewa ya yi Walumbe ya yi ta kisa, Nambi za ta yi ta haihuwa, ba zai ƙarar da su ba. Japanawa ma suna da irin wannan a littafinsu na Kojiki na shekarar 712: Izanami ta ce kullum za ta kashe mutum 1,000, mijinta Izanagi ya ce shi kuma zai sa a haifi 1,500.

Anti Rahila Wusasa:
Ina gaisuwa. Ni zan horar da 'yan amshi, don haka ina da ta cewa. Na fahimci Malam Bala sarai, domin in da Hajara ta ce za ta sa Adamu da Hawwa'u a jerin nan a matsayin tatsuniya ɗaya cikin shida, ni ce ta farko da za ta fita. Wannan bangaskiya ce, ba ta daɓe ba. To amma ku lura, abin da muke kira tatsuniyar wasu, a wurin masu ita ba wasa ba ne. Maori na Niyuzilan suna nan da ransu, suna ambaton Maui cikin kakanninsu. In za mu taɓa kayan mutane, mu taɓa da ladabi, kada a mayar da su abin dariya don a nuna namu ya fi.

Malam Bala:
Na gode Anti. A kan ladabi ba mu da saɓani. Tambayata tana nan dai.

Hajara Darakta:
Malam, tambayarka ita ce wasan gaba ɗaya, shi ya sa na yi shiru har aka kawo na Nambi. Dubi abin da aka ɗora wa laifi a kowanne: ɗan aike mai nawa, ayaba, geron kaza, ihun yara. Abubuwa ƙanana. Mutanen da teku ya raba, ba su taɓa jin labarin juna ba, duk suka tashi da neman wanda za su ce shi ya jawo. Yanzu shiga gidan makoki a unguwar nan ka zauna kusa da mata. Bayan "Allah Ya jiƙansa" me kake ji a hankali? Da an kai shi asibiti tun daren. Da bai hau mashin ɗin nan ba. Da ban aike shi ba. Ita ce hawainiyar, Malam, ba ta je ko'ina ba. Mun haddace cewa kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, amma zuciya ba ta daina neman geron da aka manta ba.

Mai masaukin nan abin da ke cinsa ke nan. Shi ya aiki yaron rafi. Kowane labari aka ba shi sai ya ga kansa a ciki, yana ƙara nutsewa, fataken suna zaton lallashi suke yi. Ba na kawo labaran don a gaskata su. Na kawo su don a ga ciwon da ya haife su, a gane namu ne.

Malam Bala:
To wannan wata magana ce. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da Manzon Allah (SAW) ya hana mutum idan abu ya same shi ya ce da na yi kaza da kaza ya faru. Ya ce a ce Allah Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. In can wasan ya nufa, ina ciki. Amma da sharuɗɗa. Kada wani ya fito a matsayin mahalicci, ko da murya ce daga bayan labule. Kowane labari ya fito daga bakin baƙon da ya kawo shi, a ji ƙarara yana cewa "mutanenmu suka ce". Walumbe ya zauna Walumbensa, kada a yi masa shigar da za ta sa a ɗauka Mala'ikan mutuwa ake kwaikwaya. Kuma a na Gilgamesh na ji akwai tsohon da ya tsira daga ruwan ɗufana a jirgi. Wannan ya yi kusa da Annabi Nuhu ƙwarai.

Sadiƙu:
Ni ne Gilgamesh, don haka bari in amsa. Labarin jirgin ba ma buƙatarsa, a cire. Shi dai sarkin Uruk ne, a Iraƙi ta yanzu. An tono allunan yumɓun da aka rubuta labarinsa a kai a Ninawa, kusa da Mosul, a shekarun 1850, cikin ɗakin karatun sarki Ashurbanipal, kuma a 1872 George Smith ya karanto ɓangaren ɗufanar a gidan tarihi na Landan. Abokinsa Enkidu ne ya mutu. Ya ƙi yarda a binne shi kwana shida da dare bakwai, yana jiran ya tashi, har tsutsa ta faɗo daga hancinsa. Daga nan tsoro ya kama shi, ya bar sarauta ya shiga daji neman Utnapishtim, tsohon nan na jirgin, wanda aka ce ba ya mutuwa.

Wurin da nake so mu tsaya a kai shi ne gwajin barci. Tsohon ya ce kai mai neman ka fi ƙarfin mutuwa, fara da ƙin barci na kwana shida da dare bakwai. Yana zama barci ya kwashe shi. Tsohon ya san zai yi musu, sai ya sa matarsa ta riƙa gasa gurasa ɗaya kullum tana ajiyewa a wajen kansa. Da ya farka ya ce ai gyangyaɗi kawai ya yi, sai aka nuna masa: ta farko ta bushe ƙayau, wata ta yi fumfuna, ta ƙarshe tana kan garwashi. A daɓe sai mu jera gurasa bakwai na gaske a faifai, 'yan amshi suna ƙirga su a waƙa, kowace da baitinta. Babu wani dogon jawabi. Bayan haka ya ɗaura duwatsu a ƙafa ya nutsa ƙarƙashin teku ya tsinko tsiron da ke mayar da tsoho yaro, ya tsaya wanka a hanya, maciji ya ɗauke ya yi saɓa ya wuce. Ya koma gida hannu rabbana.

Baba Mai Gurmi:
Yaro, wannan na gurasa ya yi. Ku bar mini shi, da gurmi kaɗai zan raka, kada kalangu ya shigo. Kalangu na ƙadangare ne, shi ke da gaggawa. Hawainiya a ba ta sarewa, taku ɗaya numfashi ɗaya. Na Nambi mata su yi da ƙwarya da shantu. Ban sa goge ba don na san abin da wasu za su ce, ba sai an faɗa mini ba.

Hajara 'yata, akwai wanda kika bari da na so a sa. Wani ɗalibi ya ba ni na Girkawa, na Tithonus, wanda masoyiyarsa ta roƙa masa dawwama ta manta ba ta roƙa masa ƙuruciya ba, ya yi ta tsufa yana ƙanƙancewa ba mutuwa, har ya koma ƙwaro mai kuka irin na gyare. Ni na yi jinyar mahaifina ya haura casa'in, ba ya gane kowa, mu ke juya shi. Ranar da ya cika na yi kuka, na kuma yi hamdala. Duk labaranku suna cewa mutuwa asara ce. A samu ɗaya da zai ce wani lokaci sutura ce.

Hajara Darakta:
Baba, Allah Ya jiƙan tsoho. Na ji, kuma ka yi gaskiya. Matsalar lokaci ce, yanzu ma mun kusa awa biyu.

Abban Khadija:
A cire na Maui a sa na Baba. Na karanta shi. Maui so ya yi ya shiga jikin Hine-nui-te-po, uwar gijiyar lahira a wurinsu, tana barci, ya fito ta bakinta don a daina mutuwa. Ta inda ya shiga ba ya faɗuwa a nan, balle a nuna. Wani ɗan tsuntsu mai wutsiya kamar mafici ya fashe da dariya, ta farka ta matse shi ya mutu. In muka gyara shi mun ɓata wa masu shi, in muka bar shi yadda yake filin zai watse.

Anti Rahila Wusasa:
Na goyi baya. Gara a bar shi ɗungurungum da a yi masa kwaskwarima.

Maman Yusra:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa. Yawancinku kun zo mini gaisuwa bara da Yusra ta rasu, Allah Ya saka da alheri. Zazzaɓi ne ya fara da magariba, na ba ta magani na ce mu ga safiya. Ba wanda ya taɓa ce mini laifina ne, mahaifinta ma bai faɗa ba. Ni nake faɗa wa kaina, kullum in na zo wanke kofin da take shan koko. Abin da Anti Hajara ta rubuta a sama haka yake.

Labarin Indiya da ba a kawo ba tukuna, ni na roƙa a ba ni. Sunanta Kisa Gotami. Ɗanta ɗaya ya mutu, ta saɓa gawar tana bin gida-gida neman magani, mutane suna cewa ta zautu. Aka tura ta wurin Buddha, wanda ya kafa addinin da ake kira da sunansa. Bai ce mata yaron ya mutu ba, bai yi mata faɗa ba. Ya ce ta kawo 'yar ƙwayar mastad, wani iri ne ƙanana da suke girki da shi, amma daga gidan da ba a taɓa yin rashi ba. Kowane gida ta je a ce ga shi, har an miƙo, sai ta tambaya ko an taɓa mutuwa a nan. Wannan ta ce mijina, wancan ya ce uwata, wata ta ce 'ya'yana biyu. Kafin dare ta je ta binne ɗanta da kanta.

A duk labaran shi kaɗai ne ba a ɗora wa kowa laifi ba. Ina so in yi shi. Kuma ina roƙon kada a sa 'yan wasa su zama masu gidajen. In sauka cikin 'yan kallo in tambaye su da gaske.

Malam Bala:
Allah Ya jiƙan Yusra, Ya sa mai ceto ce. 'Yar'uwa, kin tabbata za ki iya? Dare uku za a yi.

Maman Yusra:
Zan iya, Malam. Na yi shawara da maigidana, ya amince.

Ɗan Damagaram:
Allah Ya ƙara haƙuri. Shiga cikin 'yan kallo ba baƙon abu ba ne, a wasannin samariya a wajenmu mutane daga zaune suke mayar wa ɗan wasa magana, kuma ku a Zariya tun shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo na ABU ke fita cikin Samaru da ƙauyuka suna wasa tare da jama'a. Amma wannan tambaya ce mai nauyi. Za a iya dacewa da wadda ta yi rashi satin nan. Shawarata a sanar tun a ƙofa abin da wasan ya ƙunsa, kuma ta nufi wanda ya ɗaga hannu kawai.

Hajara Darakta:
Na karɓa. Wani abu kuma tun kafin a tambaya: ba makara, ba likkafani a daɓe. Iyaye biyu sun riga sun ce mini 'ya'yansu ba za su kwanta a matsayin gawa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Zane ne naɗaɗɗe za ta goya, shi ke nan.

Malam Bala:
Saura abu ɗaya. Sunan Buddha. A ce "wani malami" kawai, ya fi mana sauƙi da mutanen gari.

Anti Rahila Wusasa:
A nan kam ban bi ka ba, Malam. Kai ka kafa sharaɗin kowane labari ya fito da sunan masu shi. In aka ce "wani malami", da rawani za a hango shi, a ɗauka namu ne, wannan ya fi rikitar da yara. Bafataken Indiya ya faɗi sunan sau ɗaya, kamar yadda na Yuganda zai faɗi Ggulu.

Sadiƙu:
Ni ma haka na gani. Kuma ba sai ya fito ba, ita Maman Yusra ce za ta faɗi abin da ya ce mata.

Malam Bala:
In ba zai fito ba, da sauƙi. Amma ban sauka daga ra'ayina ba tukuna. Zan kai wa limamin unguwa rubutun gaba ɗaya ya duba, har da waƙoƙin, in dawo muku da abin da ya ce. Kuma ina so in ga abin da mai masaukin zai faɗa idan ya buɗe baki, don a nan ne za a gane inda aka dosa.

Hajara Darakta:
Wannan ɓangaren ban rubuta ba, Malam, kuma da kai da Anti Rahila nake so mu zauna a kansa, tunda filin zai haɗa mutanenku duka. Tsari yanzu: hawainiya, ayaba, Nambi, Gilgamesh ba jirgi, Tithonus a gajarce da gurmin Baba, sai Kisa Gotami. Maui ya fita. Gwaji ranar Laraba bayan la'asar a makarantar da muka saba. Sadiƙu ka zo da faifai da gurasar, Abban Khadija ka nemo mana ƙwarya huɗu. Har yanzu ba mu da hawainiya, ana son mai iya riƙe murya a hankali ba ta karye ba; Anti Rahila za ta saurari masu so kafin a fara.